Kafin a Buɗe wa Amman Ido

Mamallapuram, 20 ga Agusta, 1994

Ƙanena Ekambaram,

Yayarka Alamelu ce ke gaishe ka, da fatan kana lafiya a ƙasar mutane. Appa, mahaifinmu, yana lafiya, sai tarin nan nasa da ka sani. Ni lafiya, maigidana Attan ɗinka lafiya, 'yarmu Tenmoli ma lafiya, ta shiga aji shida tana ganin ta fi kowa karatu a gidan. Kada ka yi dariya don na sa Appa a gaba. Har yau sai na karanta masa wasiƙa kafin in liƙe, in bai ji sunansa a farko ba sai ya ce, "Yaushe na mutu da aka mai da ni bayan suruki?"

Amman ta tafi, Uwar da Appa ya sassaƙa wa haikalinku. Jiya aka naɗe ta da ciyawa da buhuna, aka rufe ta a akwatin katako, babbar mota ta ɗauke ta zuwa tashar jiragen ruwa ta Madras. Shekara biyu yana durƙushe a gaban dutsen nan, kai ma ka bar ta tun ba ta da yatsu. Duk layin masassaƙa an ajiye guduma an fito kallo, unguwa ta yi shirun da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Appa ya bi motar da ƙafa, hannunsa a jikin katakon, har suka wuce dutsen giwaye, yana gaya wa direba inda ramuka suke. Da ya dawo ya zauna a gurbin da ta bari, bai sa komai a baki ba sai kofi.

Arumugam ɗan wan Appa ya leƙo, ƙurar injinsa har cikin gira. Ya ce, "Cittappa, da ni ka bar wa ita, da injina wata uku na gama." Appa bai ko ɗago ba, ya ce, "Je ka yanka wa Turawa giwayenka masu kama da aladu."

To ga saƙon da aka ba ni. Appa ya ce kai za ka buɗe mata ido, ka sassaƙa shi da hannunka ranar da za a fara yi mata bauta. Allurar zinariyar kakanmu tana cikin akwatin, a ƙarƙashin ƙafarta ta hagu, cikin jan ƙyalle. Tambi ƙanena, na san abin da wannan yake a wurinka. Tun kana ɗan shekara sha biyu yake ce maka hannunka bai nuna ba, yana barinka da ginshiƙai da bakin zane, ga shi yau har furfura ta fara leƙo maka. Na ce masa, "Ashe hannun ya nuna." Ya ce, "Wa ya gaya miki? Ni dai jirgin sama ne ba zan hau ba." Amma ni na ga fuskarsa lokacin da yake ƙulle allurar.

Kuma don girman Amman ka riƙa sa kwanan wata a wasiƙunka. Mutum ya rubuto ba rana ba wata, ba ka san ko jiya ya yi zazzaɓin da yake faɗa ba ko tun bara.

Yayarka,
Alamelu

Kanada

Akka,

Ina gaishe ki, ina taɓa ƙafar Appa daga nan. Ki gai da Attan, ki ja wa Tenmoli kunne a madadina. Ni lafiya, sai dai sanyi ya fara, mutanen nan kuma suna ce min wai wannan ba komai ba ne, in jira tukuna. Kwanan wata kuwa, a nan duk ranakun kamar juna suke, me zan sa?

Amman ta iso, ko ƙwarzane babu. Na gaya miki haikalin nan tsohon ɗakin ajiyar tayoyi ne, har yanzu in an kunna na'urar ɗumama ɗaki warin roba yana tashi. Amma da muka cire katakon, tsofaffin matan da ke kawo mana shinkafa suka rufe baki da gefen zane, wata har ta fara hawaye, alhali dutse ce tukuna. Na ƙwanƙwasa kafaɗarta, ta yi amo irin na ƙararrawa. Na samu allurar.

Akka, akwai abin da ya tsaya min a rai. Babu zane a wurin idon. Kin san Appa, ko farcen zaki zai ba ni sai ya ja min layi da jar ƙasa ya ce in bi. Na kawo fitila kusa da fuskar, na shafa, na sake shafawa, wurin sumul yake. Ina jin mantuwa ya yi, ko tarin ne ya hana shi a kwanakin ƙarshe. Ki roƙe shi ya zana min a takarda daidai girmanta, ya nuna inda baƙin idon zai zauna da inda za ta kalla. Ido ba a gyara shi. In hannu ya goce shi ke nan, ba a yi mata bauta, ruwa ake kai ta a jefa. Aikinsa na shekara biyu.

Malamin haikali ya tsai da rana, ƙarshen Janairu, cikin watan Tai. Daga tsakiyar Disamba zai ɗaura min zaren kurkum a hannu. Daga nan ba nama, ba barin gari, ba shiga gidan rasuwa, sai an buɗe ido an kwance. Takardun zamana suna ƙarewa a Afrilu, sai ku gan ni.

Wane irin tari ne wannan da ya ƙi tafiya? Ki kai shi asibiti ko da faɗa ne.

Ƙanenki,
Ekambaram

Mamallapuram, 30 ga Oktoba

Tambi,

Appa yana nan da sauƙi. Ni da Attan da Tenmoli lafiya. Ruwa ya sauka, teku ya tashi, masunta sun ja kwale-kwalensu har gindin shingen haikalin bakin teku.

Na kai shi asibiti a Cengalpattu, da faɗan kuwa kamar yadda ka ce. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya nuna min fari-fari ko'ina, ya ce ƙurar dutse ce ta shekara hamsin ta taru. Appa ya karɓi hoton ya jujjuya shi, ya ce, "Dutsen kirki ne dai, ba irin na Arumugam ba." Likita bai yi dariya ba. An ba shi magani, yana sha in ina tsaye a kansa. Kunun shinkafa yake iya sha, da ɗan romon barkono.

Maganar zane kuwa, na karanta masa wasiƙarka, na kawo takarda da jar ƙasa na ajiye a gabansa. Ya ture su gefe da bayan hannu.

"Wai ya ce na manta?"

"Haka ya ce, Appa."

"Na taɓa manta farcen zaki, balle idon Amman?"

"To ka zana masa mana. Yaron nan yana can shi kaɗai cikin sanyi."

"Yaro. Shekararsa nawa? Rubuta masa babu zane. Ya zauna a gabanta har sai ta nuna masa inda take son kallo. Haka ubana ya yi min, wata guda ban yi masa magana ba."

Na ce, "In ya ɓata fa?" Ya ce, "To sai a kai ta ruwa, a haɗa da ni."

Ka ji shi. Na yi iya yina, Tambi. Ni ban san dutse ba, amma na san tsohon nan, kuma ina ganin ba shi da wata hanyar cewa ya yarda da kai sai wannan. Ka yi haƙuri da shi.

Yayarka,
Alamelu

Mamallapuram, 12 ga Nuwamba

Tambi,

Appa yana nan. Ba zan ce lafiya ba. Mu sauran lafiya. Wannan wasiƙar ban karanta masa ba, kuma a ambulan na sa ta don in haɗo maka da tokar haikali ka riƙa shafawa a goshi.

Jikin ya yi ƙasa sosai tun bayan wasiƙata ta baya. Ba ya iya kwanciya, a jingine yake barci. Shekaranjiya da ruwa ya ɗauke ya ce in samo mai keke in kai shi Karusa Biyar. Na ce me za ka gani a haikalan nan da ba ka gani ba? Ya ce in ba zan kai shi ba zai rarrafa. Muka je. Awaki na kwance a inuwar giwar dutse, wasu Turawa biyu suna ɗaukar juna hoto a bakin ɗakin ubangiji da takalmansu. Ya sa na zaunar da shi kusa da tulun dutsen nan da ke ƙasa, wanda muke hawa muna yara.

Ya ce, "Kin san wannan a kan rufi ya kamata ya zauna. Masassaƙan farko sun fafe dutsen ya zama haikali, sun sassaƙa tulun, saura a raba shi da ƙasa a ɗora, a buɗe ido, a kunna fitila. Sai aka ce sarki ya mutu. Suka ajiye guduma suka tafi makoki, ba su dawo ba. Fiye da shekara dubu ko fitila ɗaya ba a kunna a nan ba. Dubi hannun mutanen nan, Alamelu. Dubi aikin. Ga shi akuya ce ke kwana a ciki."

Na gane inda ya dosa. Ka san dokar gidanmu. Ɗan da ya ji mutuwar ubansa ya fita daga tsarki, za a yanke zaren hannunsa, ba ya taɓa aikin haikali sai shekara ta zagayo. Takardunka kuwa a Afrilu suke ƙarewa. Sai dai mutanen can su nemo baƙon hannu, ko su bar ta a kusurwa da ido rufe.

Ya kama hannuna ya ce, "In jikin ya yi tsanani kada ki kira shi. In na tafi kafin ranar kada ki gaya masa. Abin da bai ji ba bai taɓa shi ba. Rantse."

Na ce, "Wa zai sa wa gawarka wuta, Appa? Ɗa ɗaya gare ka."

Ya ce, "Wuta kowa ya iya. Ko Arumugam."

Ban rantse ba. Na ce sai na tambaye ka. Ya yi fushi, muka dawo gida.

Tambi, ba zan iya yanke wannan ni kaɗai ba. Ubanka ne, wutarsa haƙƙinka ce, idon ma shi ya ba ka. Ka rubuto min kalma ɗaya. In ka ce in kira ka, ranar da na ga jikin ya juya zan buga maka telegiram ka taho, ko da zai tsine min. In ka ce in bi maganarsa, zan yi shiru har ranar ta wuce. Ka yi sauri, ina tsoro.

Yayarka,
Alamelu

Kanada

Akka,

Ina gaishe ku duka, ina taɓa ƙafar Appa. Ni lafiya. Ƙanƙara ta sauka, na faɗi a bakin ƙofa a gaban yara, sun yi dariya har sun gaji.

Na samu wasiƙarki da maganar Appa. Na karanta ban san sau nawa ba. Da farko raina ya ɓaci ƙwarai, na ce wane irin uba ne zai ɗora wa ɗansa wannan kaya yana nesa ba mai taimako. Kwana biyu ban taɓa aiki ba. Daga baya na je na zauna a gaban Amman, na daɗe ina kallon fuskarta, sai na ga shi ne da gaskiya. Ki faɗa masa na ji, na kuma yarda. Yadda ya ce haka za a yi. Kada ki sake rubuto min a kan wannan magana, ni ma ba zan sake tambaya ba, don in na ci gaba da juya ta hannuna zai yi rawa a ranar.

Ki tsaya a kansa ya sha magani. Ki ce masa zan zo masa da rigar sanyi a Afrilu, ya sa a zafin Mamallapuram layin masassaƙa su samu abin dariya.

Ƙanenki,
Ekambaram

Mamallapuram, 21 ga Disamba

Tambi,

Ni lafiya. Attan ɗinka lafiya. Tenmoli lafiya, ta gama jarrabawa.

Na samu amsarka. Na gane. Yadda ka ce haka nake yi.

Ina tsammanin yanzu an ɗaura maka zaren. Ka kula da ciki tunda ba nama, ka roƙi matan nan su riƙa dafa maka wake da alayyafo. Watan Margali ya kama, ƙofofin layinmu sun cika da zanen garin shinkafa, Tenmoli tana tsayawa tana kallon na maƙwabta kafin ta wuce. Baƙi sun cika gari, ana kafa dandamalin rawa a gaban dutsen giwaye. Ruwa ya ɗauke, teku ya kwanta.

Ba ni da wani labari. Ka riƙe hannunka da kyau, ka zauna a gabanta har ta nuna maka. Ba zan sake rubutowa ba sai bayan ranar, kada in raba maka hankali.

Yayarka,
Alamelu

Kanada, 9 ga Janairu, 1995

Akka,

Ga kwanan wata, na sa.

Lafiyata ƙalau, in jiki ake tambaya. Yau wasiƙunki biyu suka zo tare, ta Disamba da wata a ambulan, ta 12 ga Nuwamba, duk ta yi laushi, tokar ta zube a ciki. Mutumin gidan waya ya nuna min hatimi, ya ce nauyinta ya fi ƙarfin kan sarkin da aka liƙa, sai aka sako ta ta jirgin ruwa. Kusan wata biyu tana kan teku.

Akka, ban ga tambayarki ba sai yau. Amsar da kika samu ta maganar zane ce. Zanen ido na ce na yarda, zanen ido na ce kada ki sake rubutowa a kai. Da na ga wannan a Nuwamba, kalmar da kika nema ita ce ki kira ni. Da na ajiye allurar na taho, ko da zai juya fuskarsa bango ya ƙi kallona.

Sai na buɗe ta Disamba. Na karanta layin farko. Ke lafiya, Attan lafiya, Tenmoli lafiya. Na koma na sake karantawa. Kuma Tenmoli, da ba yarinyar da ta kai ta zanen ƙofa a layinmu, bana na maƙwabta take kallo. Gidan makoki ne ba a yi wa zane a ƙofa.

Ban tambaye ki komai ba. Ki lura da kyau, ban tambaya ba.

Na je wurin malamin haikali na ce wani abokina ne ya shiga wani hali, na ba shi labari. Tsoho ne. Ya dubi zaren hannuna, ya dubi fuskata.

"An gaya wa abokin naka?"

"A'a."

"Ya gani a rubuce?"

"A'a. Abin da ba a rubuta ba ya gani."

"To rashin tsarki ta kunne yake shiga, ba ya shiga ta zato. Abokinka ya wanke fuska ya koma aiki."

Har na kai ƙofa ya ce, "Ka ce masa ya ci abinci."

Akwai tarho a ofishin haikali, lambar shagon Cettiyar na bakin layinmu tana aljihuna. Na ɗaga na ajiye, na ɗaga na ajiye. In na kira aka ce yana nan yana tari, zan yanke zaren nan da haƙorina in taho, in ɓata masa abu ɗaya da ya roƙa. In aka faɗi ɗayar, na rasa wutar na rasa idon, ita kuma ta zauna a kusurwar ɗakin tayoyi kamar Karusa Biyar. Duk inda na juya shi nake saɓa wa. Don haka ina nan zaune a gabanta, ban sani ba ko ina da uba.

Kada ki amsa wannan.

Ekambaram

Kanada, 30 ga Janairu

Akka,

Ina lafiya. An buɗe ido jiya da hantsi.

An ja labule aka bar ni ni da ita, da allurar, da ƙwaryar zuma da madara. A waje masu ganga suna bugawa har rufin kwano yana rawa. Na zo da niyyar in sa ta kalli ƙofa, daidai tsayin mai shigowa, kamar yadda ake yi. Amma duk makonnin nan da na zauna a gindinta, ƙasa-ƙasa nake ganin fuskar, wajen wanda ya zo ya zauna ya rasa abin cewa. Can na sa ta kalla. Da idon dama na fara, sannan na hagu. Hannun bai yi rawa ba, ni kaina na yi mamaki.

Na kauce gefe don kada kallonta na farko ya faɗa a kan mutum. Aka sa mata madubi, da faifan shinkafa, da fitila. Saniyar da ake kawowa ta fara gani ba ta samu ba, sai ɗan maraƙi da wani Bature manomi ya kawo a mota lulluɓe da bargo, shi ma ya tsaya ya cire hula. Da aka yaye labule, tsofaffin nan suka zube. Ni kuwa sai na juya baya ina jiran in ji an ce hannu bai nuna ba. Ban san me ya sa na juya ba.

Da yamma malam ya kwance zaren, ya ce, "Abokinka yana iya buga waya yanzu." Sauran kin sani. Kin zo shagon Cettiyar kina haki, na ce, "Akka, an buɗe." Kika ce, "To." Na ce, "Yaushe?" Kika ce, "Farkon Margali." Daga nan ban ƙara jin abin da kike faɗa ba.

Na yi wanka da kayana a jiki, na aske kai. Ba ni da abin yi bayan wannan. Ki rubuto min duka, kada ki rage komai don tausayina. Ya tambaye ni?

Ƙanenki,
Ekambaram

Mamallapuram, 15 ga Fabrairu

Tambi,

Ni lafiya, Attan lafiya, Tenmoli lafiya. Na daɗe riƙe da alƙalami a kan layin nan, har yanzu hannuna da sunansa yake son farawa.

Ka ce kada in rage komai.

Da safe ya tafi, a jingine, daidai lokacin da guduma ke farawa a layi. Ina ganin ya ji su. Arumugam ne ya sa wutar. Ya ɗauki tulun ruwa a kafaɗa ya zagaya shi, ya fasa, kuma ya fi kowa kuka, har sai da aka riƙe shi. Bai kunna injinsa ba sai da aka gama makoki. Mutane suna ta tambaya ina ɗan, na ce yana aikin ubansa. Wasu sun gane, wasu sun taɓe baki.

Ya tambaye ka? Kullum. Da ya farka sai ya ce, "Kin buga masa waya?" In ce a'a. Ya ce, "Madalla." Amma da ya ji ƙararrawar keken mai kawo wasiƙu, sai in ga idonsa a ƙofa.

Ranar da amsarka ta zo yana farke. Ya san na tambaye ka, tunda na gaya masa zan yi. Ya ce, "Karanta." Na karanta masa duka, da ɓacin ranka, da kwana biyun da ba ka yi aiki ba, da inda ka ce ka ji ka yarda. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ɗana ne. Masassaƙi ne." Har ya yi dariyar rigar sanyin, ta sa shi tari. Sai ya rufe ido, na ɗauka barci ya yi, na tattara kwanon kunu zan fita. Ina bakin ƙofa na ji ya ce, ba da ni yake ba, "Kwana biyu. Da sauri ya yarda."

Bai sake tayar da maganar ba. Bai kuma sake kallon ƙofa ba.

Wasiƙarka ta 9 ga Janairu a tsaye na karanta ta a bakin titi. Ni na karanta masa waccan amsar taka, Tambi, da bakina. Da na ƙara kan sarki ɗaya. Da ka sa kwanan wata. Kullum ina juya abin, ba inda yake kai ni. Ya samu abin da ya roƙa, Amman tana gani, ana kunna mata fitila, kuma ya tafi yana zaton bai yi maka wuyar bari ba.

Washegarin wutar Attan da Arumugam suka shiga kwale-kwalen masunta, suka kai tokarsa bayan haikalin bakin teku, wurin da masunta ke cewa tsofaffin haikalai na ƙasa suna kama musu taru. Amma ba duka suka kai ba. Na ɗebi ƙasusuwa kaɗan a ƙaramar tukunya, na ɗaure bakin da jan ƙyalle, na rataye a darbejiyar da ke bayan rumfar aikinsa, tunda ba ta shiga gida. Tsofaffi suna ta yi min faɗa, wai ba a jinkirta irin wannan. Na ce su yi haƙuri zuwa Afrilu.

Na gwada karanta masa wasiƙarka ta 9 ga Janairu a gindin bishiyar. Na kasa kaiwa ƙarshe, kuma muryata ce, irin wadda ya ji waccan da ita. Ka taho da hoton idon ka nuna masa. Ka bar rigar sanyin. Ka zo ka faɗa masa da bakinka cewa ba ka yarda ba.

Yayarka,
Alamelu